Igiyar Awo A Hannun Wa? Tarihin Yanka Filaye A Hartum Da Umdurman

Duk wanda ya tashi a Ingaz, ko Mayo, ko wata daga cikin unguwannin da ake kira Kudancin Hizam, da wuya a ce bai taɓa jin wani dattijo ya fara labari da cewa "lokacin da muke Ishash" ba. Ishash Fallata ake nufi, unguwar da Hausawa da Fulani da Barebari suka zauna shekaru gommai a kudancin Hartum, kusa da Diyum da Sahafa, har zuwa farkon shekarun 1990 da hukumar jiha ta tashe su, ta ba su filaye a Ingaz. Tsohon wurin yanzu sunansa Nuzha. Yaron da aka haifa bayan tashin zai iya wucewa ta titinsa bai san kakarsa ta taɓa daka hatsi a nan ba.

Shawarar tashin daga ma'aikata ta fito, taswirar sabon mazaunin ma a can aka zana ta. Abin tambaya shi ne, wa ya kamata ya riƙe igiyar awo? Wato wa ke da ikon cewa za a yanka wannan fili fulotai, nan titi, nan kasuwa, wane zai samu, wane ba zai samu ba? Yaƙin da ya ɓarke ran 15 ga Afrilu 2023 ya watsa mutanen birnin. Tun da sojoji suka karɓe Hartum a watan Maris na 2025 jama'a suka fara komowa, hukuma kuma ta sake tayar da maganar rushe unguwannin da take kira ashwa'i, waɗanda aka gina ba da izininta ba. Za a sake awo ke nan. Kafin a miƙa igiyar, ya kyautu mu duba hannayen da ta bi cikin shekara 140, tun da waiwaye adon tafiya ne.

Zamanin Halifa

Mahadi Muhammad Ahmad ya ci Hartum ran 26 ga Janairu 1885, ya rasu a watan Yuni na wannan shekara. Magajinsa Halifa Abdullahi ya tabbatar da fadar mulki a Umdurman, a 1886 aka umarci mutanen Hartum su haye kogi, har tubalin gidajensu aka riƙa ɗebowa ana gini da shi a sabon gari. A wancan zamani bakin Halifa shi ne takardar fili. Ana saukar da jama'a ƙungiya-ƙungiya, kowace ƙabila ko runduna a ƙarƙashin amirinta, amirin kuma ya rarraba wa mutanensa. Sunayen unguwannin Umdurman har gobe suna ba da wannan labari: Mulazimin mazaunin dogaran Halifa, Baitul Mali inda taskar daula take, Wad Nubawi da Abu Anja masu ɗauke da sunayen amirai.

Wannan tsari yana da sauƙi, ga shi kusa da mutane, amma ya rataya ne a kan kusanci da fada. Jama'ar da ke da jagora mai faɗa a ji ta sami wuri, wadda ba ta da shi ta raɓa a gefen wasu. Bakin da ya bayar kuma shi ke iya karɓewa, domin Halifa ya rushe gidaje don buɗe hanyoyi da gina ganuwar da ta kewaye mazaunin Mulazimin, ba wanda ke da wurin kai ƙara.

Taswirar Turawa

Bayan yaƙin Karari na ran 2 ga Satumba 1898, Kitchener ya ƙudura sake gina Hartum a kan kangonta. A 1899 aka kafa dokokin filaye na farko, aka naɗa kwamiti mai sauraron masu da'awar mallaka. Wanda ya kawo hujja aka ba shi fili bisa sharaɗin ya yi gini cikin wa'adin da aka yanka masa, abin da ya rage duka ya zama na gwamnati. Dokar tantance filaye da rajistarsu ta 1925 ta ƙara ƙarfafa wannan, ta ce daji da saura da duk ƙasar da ba kowa a kanta ta gwamnati ce har sai an tabbatar da akasin haka. Daga nan magana ta koma kan takarda. Tsofaffin unguwannin Umdurman da tsibirin Tuti sun ci moriyar wannan rajista, da yawa daga gidajensu da gonakinsu suka shiga littafi a matsayin mallaka ta har abada. Shi ya sa a 1944, da hukuma ta so karɓar wani yanki na ƙasar Tuti, mutanen tsibirin suka sami ƙafar tsayawa suka ƙi.

A cikin Hartum kuwa an kasa filayen zama daraja uku. Daraja ta farko tana bakin kogin Nilul Azrak, ta manyan ma'aikata ce, fulotanta manya, ginin dutse ko jan bulo. Ta biyu galibi ta 'yan kasuwa ce, Girkawa da Shamawa da Misirawa. Ta uku, mai ginin laka, ita aka bar wa 'yan ƙasa. Tsarin filayen birane na 1947 ya ɗaure wannan rabo da wa'adin haya, mai daraja ta farko ya fi kowa tsawon shekaru, mai ta uku ya fi kowa gajarta. Har yau mutumin Hartum in zai kwatanta unguwa sai ya ce daraja ta farko ce ko ta uku, ba tare da ya tuna wanda ya ƙirƙiro ma'aunin ba.

Akwai kuma waɗanda ba su shiga ko ɗaya daga cikin ukun ba, su ne leburorin da suka gina birnin. An zaunar da su a bayan layin dogo, a unguwannin da ake kira Diyum, kowane daim da sunan mutanensa ko sana'arsu: Daim Ta'aisha, Daim Banda, Daim Salman, da Daim Takarna na mutanen yamma. Mazaunin daim ba shi da takardar mallaka. Zaman alfarma yake yi, ranar da hukuma ta bukaci wurin sai ya tashi. Kakanninmu sun yawaita a wannan ƙasa a daidai wannan zamani. Hanyar hajji ta ƙasa daɗaɗɗiya ce, amma bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ayari ya ƙaru, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Aikin audugar Jazira da aka buɗe a 1925 ya jawo wasu dubbai. Waɗanda suka sauka a Hartum, a sahun masu zaman alfarma suka sami kansu.

Ranar tashin ta zo tsakanin 1949 da 1953. Birni ya faɗaɗa ya iske Diyum, sai aka kafa dokar sake tsara birane ta 1950, aka rushe tsofaffin unguwannin, aka kai mutanensu kudu aka ba su fulotai masu kimanin murabba'in mita 200. A tsohon wurinsu aka yanka Hartum 2 da makwabtanta. Gaskiya ne sababbin Diyum sun fi tsofaffin faɗi da tsabta. Amma daga nan aka kafa wata al'ada da za ta daɗe: talaka ya share daji ya raya wuri, in wurin ya yi daraja a matsar da shi gaba, a yanka wa wani. Ko da aka kafa majalisun garuruwa a ƙarƙashin dokar ƙananan hukumomi ta 1951, bisa rahoton Dakta Marshall na 1949, amincewa da taswirar gari ya zauna a hannun hukumar tsara birane ta tsakiya.

Jinsiyya da dokar 1970

Lokacin samun 'yanci a 1956, mutanen garuruwan uku, Hartum da Umdurman da Bahri, ba su wuce kimanin rubu'in miliyan ba. Ƙidayar 2008 ta sami sama da miliyan 5 a jihar. An yi ta kiran masana su zana wa birnin makoma: kamfanin Doxiadis na Girka a 1959, kamfanin Mefit na Italiya a shekarun 1970, Doxiadis tare da Abdulmun'im Mustafa a 1991. Kowace taswira kafin tawadarta ta bushe jama'a sun riga sun wuce iyakarta.

Hanyar samun fuloti ta hukuma ita ce hiɗɗa iskaniyya, shirin rabon filaye da ake yi jefi-jefi, ana ba mai nema maki bisa aure da yawan 'ya'ya da daɗewar zama. Amma ƙofar shiga ita ce takardar jinsiyya, a nan ne kuma aka tare mutanenmu. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi mutum ya tabbatar da cewa shi ko kakanninsa na wajen uba suna zaune a Sudan tun ran 31 ga Disamba 1897. Jikan wanda ya zo bayan Burmi, ko da shi da ubansa duk a nan aka haife su, bai cika wannan sharaɗi ba. Daga baya aka sassauta ranar zuwa 1924, dokar 1994 kuma ta kawo ta 1956, amma cikin shekarun da aka yi manyan rabe-raben filaye na kusa da gari, iyalai da yawa suna waje suna kallo. Wanda aka hana shi layin rabo, ina zai kwana in ba a ashwa'i ba?

A watan Afrilu na 1970 gwamnatin Ja'afar Numairi ta kafa dokar filayen da ba su da rajista, wadda ta mayar da duk ƙasar da ba ta cikin littafi mallakar gwamnati, ko da mutane na zaune a kanta. A daidai wannan lokaci aka soke mulkin sarakunan gargajiya, dokar ƙananan hukumomi ta 1971 ta maye gurbinsa. Dokar mu'amaloli ta 1984 ta shafe ta 1970, ta ce ƙasa ta Allah ce, gwamnati wakiliya ce a kanta, ta kuma yarda da haƙƙin amfani ga wanda ya raya wuri, amma jigon maganar bai sauya ba. A farkon shekarun 1990 aka yi wa dokar gyaran da ya hana kotuna sauraron ƙarar da ta shafi filayen gwamnati. Mai awo ya zama shi ne mai fili, shi ne kuma alƙali.

Shekarun Bannaga

Farin 1984 da 1985 ya koro dubban mutanen Kurdufan da Darfur zuwa Muwailih da Abu Zaid a yammacin Umdurman. Yaƙin Kudu ya koro wasu. Ruwan saman watan Agusta na 1988 ya raba sama da mutum miliyan ɗaya da muhallansu. Wannan ne birnin da gwamnatin Umar al-Bashir ta gada a 1989, ta kuma ɗora aikin gyaransa a kan Dakta Sharafuddin Bannaga, ministan jiha mai kula da gidaje da tsara gari na fiye da shekara goma. Ƙuduri mai lamba 941 na 1990 ya shimfiɗa hanyar: wasu unguwanni a tsara su a inda suke, wasu a tashe su zuwa garuruwan Darus Salam da aka yanka a bayan Umbadda da wajen Jabal Auliya da gefen Bahri, 'yan gudun hijira kuma a kai su sansanoni irin su Wad al-Bashir da Mandela. Cikin wannan guguwa Ishash Fallata ta tafi.

Adalci ya sa a faɗi ɓangare biyu. Iyalai masu ɗimbin yawa sun riƙe takardar fili da sunansu karo na farko a wannan zamani, cikinsu har da mutanen Ishash, kuma sassa da yawa na Umbadda da suka fara da zaman ashwa'i an tsara su a inda suke, sun zama unguwanni cikakku. Amma wanda aka tasa an nesanta shi da kasuwa da wurin aikinsa, sau da yawa an sauke shi a fili fetal kafin ruwa da wuta su iso. Ɗan haya da matar da ba ta da takardun aure da wanda ba shi da jinsiyya sukan zube a hanya. Abin da ke raba unguwar da za a tsara da wadda za a tasa kuwa, galibi darajar ƙasar da take kai ne. Dokar tsara birane da rabon filaye ta 1994 ta tattara amincewa da taswira da rabon fili a hannun hukumomin jiha, jihar kuma ta mayar da sayar da filaye babbar hanyar samun kuɗinta. Dajin Hizam da aka dasa a shekarun 1960 don ya tare wa birni ƙura, sare shi aka yi aka yanka fulotai, suna kawai ya rage. A watan Mayu na 2005 yunƙurin tayar da mutanen Soba Aradi ya ƙare da zubar jinin 'yan sanda da na mazauna. Daga baya har tsofaffin 'yan gari na Jiraif ta Gabas da Halfaya da Burri suka fito zanga-zanga kan filayen kakanninsu. Bayan juyin 2019 kwamitin da aka kafa don kwance damarar tsohuwar gwamnati ya yi ta shelar ƙwato fulotai masu yawa daga hannun manyanta, abin da ya nuna inda wani kaso na ƙasar jama'a ya tafi.

A mayar wa sarakuna ko lajana?

Mai karatu zai iya cewa, tun da ma'aikata ta yi nisa da jama'a, a mayar da igiyar ga masu unguwanni da sarakunan gargajiya. Mu ne ya kamata mu fi kowa yin hattara da wannan magana. A watan Yuli na 2022 rikici ya tashi a jihar Nilul Azrak bayan Hausawa sun nemi a ba su masarauta a cikin tsarin mulkin gargajiya, aka ƙi bisa hujjar cewa sarauta tana bin ƙasa, ƙasa kuma tana da masu ita tun asali. An kashe sama da mutum 100 a wannan wata, a Oktoba aka sake yin wata ɓarnar a Wad al-Mahi, Hausawan Hartum kuma suka fito titi ran 19 ga Yuli suna neman haƙƙin jinin 'yan'uwansu. Duk tsarin da ya ɗaura ikon fili a kan asalin ƙabila, zai mayar da wanda aka haifi kakansa a nan baƙo, a ce masa raɓa ne.

Lajana sha'abiyya, kwamitocin unguwa na zamanin Bashir, su ma an gwada su. Su ke ba da takardar shaidar zama, wadda ba a shiga rabo sai da ita. Sun san kowa, amma da yake ba zaɓe na gaskiya ke kawo su ba, kuma suna jingine da jam'iyya mai mulki, sanin nan nasu ya zama makami a hannun wanda suka so.

Ƙasar Hausa ma ba ta warware wannan ƙulli ba. Dokar amfani da ƙasa ta Najeriya ta 1978 ta damƙa filayen birane a hannun gwamnan jiha, na karkara a hannun ƙananan hukumomi. Duk da haka yawancin unguwannin bayan garin Kano awon igiya ne: mai gona ya yanka gonarsa, mai unguwa ya yi shaida, a sayar, a bar lungun da mota ba ta shiga, babu filin makaranta, babu hanyar ruwa. Tattara iko a sama bai hana yanka fili ba, ya dai kore shi daga gaban doka.

Rabon ikon

Abin da wannan tarihi ke nunawa shi ne, duk lokacin da awo da rabo da hukunci suka taru a hannu ɗaya, ko na Halifa ne, ko na Bature, ko na minista, marar galihu ne ke biya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ikon nan aiki huɗu ne, ya kamata kowanne ya sami mai shi.

Manyan layuka na jiha ne: titunan da ke haɗa gari, hanyoyin ruwa, bututun famfo, da wuraren da ba za a yi gini ba ko kusa. Ambaliyar watan Agusta na 2013 a Sharg an-Nil, wadda ta sa matasa suka kafa gayyar Nafir, ta nuna abin da ke faruwa in an yi gini a bakin kwari. Wannan aikin injiniyoyi ne, kwamitin unguwa ba zai iya shi ba.

Amincewa da yanka unguwa fulotai, da shawarar a tsara ta a inda take ko a tashe ta, ya kamata ya sauko ga zaɓaɓɓiyar majalisar mahaliyya. Jihar Hartum tana da mahaliyya bakwai: Hartum, Jabal Auliya, Umdurman, Umbadda, Karari, Bahri da Sharg an-Nil. Mutumin Ingaz zai iya zuwa zaman majalisa, ya ga fuskar wanda ya ɗaga hannu, ya kuma jira shi ranar zaɓe. Sharaɗin shi ne a liƙa taswira a bainar jama'a kafin a zartar, a ba da lokacin ƙorafi, kuɗin filin da aka sayar kuma a bayyana inda ya shiga.

Shaidar wanda ke zaune a wuri ta mazauna ce, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A karanta sunaye a fili, a gaban maza da mata, da masu gida da 'yan haya, ma'aunin kuma ya zama zama da rayar da wuri, kada a tambayi mutum daga ina kakansa ya fito. Na huɗu, ƙofar kotu ta kasance a buɗe ga duk wanda aka tasa ko aka tsallake sunansa, ko da gwamnati ce abokiyar shari'arsa.

Wannan duka ba zai zo da kansa ba, akwai kuma abin da ke wuyanmu tun yanzu. Yaƙi ya cinye takardun gidaje da yawa, wasu sun ƙone, wasu an bar su a akwati an gudu. Wanda shahadar bahas ɗinsa ko takardar rabonsa ta tsira, ya ɗauki hotonta ya ajiye a wurare daban-daban. Wanda tasa ta ɓace ya nemi lambar fulotinsa da ta murabba'insa ya rubuta, tun maƙwabtan da za su yi masa shaida suna raye. A yi wa yara takardar haihuwa da lambar ɗan ƙasa. Dattawan da suka ga tashin Ishash kuma a zauna da su a rubuta abin da suka gani: wa aka ƙirga, wa aka tsallake, da wace hujja. In an kafa kwamitin unguwa ko an buɗe takarar majalisa, kada mu bar kujerar ga wasu muna cewa siyasa ba tamu ba ce. An tashi Diyum, an tashi Ishash, duk a taswirar da aka zana ba mu a ɗakin. Allah Ya sa awo na gaba a yi shi muna tsaye a kan filin, bakin igiyar ɗaya yana hannunmu.